Sawun da Bai Kauce Ba a Korin Goru-Kayna

Hantsi bai yi ba aka tarar da san Hadizatu kwance a bakin lambunta, ƙafar baya a karye, turken da aka ɗaure shi ya tumɓuke, shingen ƙaya ya kwanta ƙasa. Kafin mahauci ya iso ya sa masa wuƙa don kada ya zama mushe, rabin garin Goru-Kayna ya taru a cikin rairayin kori, busasshen rafin garin. Babu wanda ya wahalar da kansa da dogon tunani. Ga sawun taya nan ɓaro-ɓaro, kuma a kwarin nan kaf motoci biyu ne, duka na baƙin Yamai.

Hamisu ya dawo daga yawonsa na safe ya iske taron. Shekara talatin ya yi yana aikin gandun daji, yana bin sawun mafarauta da masu saran itace, har abokai suka laƙaba masa Sarkin Sawu. Taƙamarsa a duniya ɗaya ce: bai taɓa yi wa sawu ƙarya ba, ko da na ɗan'uwansa ne. Ya duƙa ya dubi zanen tayar sau ɗaya, ya gane shi. Katkat ɗin Alhaji Jamilu ce, motar shiga daji, sabuwar nan mai sheƙi da ya ishe su da labarinta tun daga unguwarsu ta Banifandou.

Su huɗu suka zo bana: Hamisu, da Alhaji Jamilu ɗan kasuwa, da Abdoulkarim tsohon shugaban lakwal wanda har yau kowa ke kira Darakta, sai Abdou. Tun suna samari fadarsu ta shayi ɗaya ce. Kowace shekara idan damina ta wuce, sai su ɗauki Juma'a da yamma su bi ta Tondibia, su bar gudiro, wato kwalta, su nausa daji har wannan kwari, su yi ta wasa da motoci a rairayi sai Lahadi. Da su tara ne da motoci biyar, suna ihu kamar masu rakiyar amarya. Mutuwa ta ɗauki uku, ciwon gwiwa da jikoki suka riƙe biyu. Abdou ne ya gano hanyar tun yana direban masu haƙa rijiyoyi, kuma shi ya koya wa sauran yadda ake lallashin rairayi.

Maigari Amadou ya iso da sandarsa. Ya yi fatauci a Maradi da ƙuruciya, Hausa a bakinsa garau.

"Hamisu, shekara talatin kuna shan ruwan rijiyarmu, ba mu taɓa jin kanmu da ku ba," in ji shi. "Matar nan mijinta ya rasu, san nan ɗaya gare ta, shi ke ja mata amalanke da kabewa har bakin hanya. Haɗari ba ya fin ƙarfin kowa. Amma a kaɗe dabba a gudu a koma a yi shiru? Wannan ba halin baƙon kirki ba ne. In azahar ta yi ba wanda ya amsa, zan aika jandarma su tafi da mai motar. Ku kuma kwarin nan ya ishe ku haka."

"Allah ya ba ka nasara, a ba ni zuwa azahar ɗin," in ji Hamisu.

Bayansa ya ji wata mata tana magana da Zabarmanci, wasu suna amsa mata. Bai buƙaci tafinta ba. Cewa take yi ƴan birni duk ɗaya ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

*

Hadizatu ce Hamisu ya fara tambaya. Tana zaune a kan kwandon da ta kife, idonta bushe, kuma wannan ya fi kuka tayar masa da hankali.

"Inna, kin ga motar?"

"Ban gani ba. Ina gida ina daka. Na ji ƙara na ce injin ban-ruwa ne."

Shi ma haka ya zata lokacin da yake can saman kori bayan sallar asuba, yana kallon sawun zabi.

"Tun yaushe kike ɗaure shi a nan?"

"Bana ne. Ruwa ya cinye mani rabin lambu, na matso da shinge nan gindin gawo."

Hamisu ya ɗaga kai ya dubi gawon, ya dubi jan dutsen da ke fuskantarsa. Tsakaninsu tsohuwar hanyarsu ta bi. Nan Abdou ke ratsawa da gudu a zamanin ƙarfi, hannu ɗaya a kan bolan, wato sitiyari, ɗayan a waje yana musu gwalo da yatsu. Jiya da suka iso ta bayan gari suka zagayo, babu wanda ya sauko nan.

*

Motocin suna ajiye a kan fako, nesa kaɗan da dutsen da suka shimfiɗa tabarmi a bayansa. Alhaji Jamilu na zagaya tasa, yana shafa goshinta da ya lotsa, gumi na bin wuyan jallabiyarsa.

"Wallahi tallahi ba ni ba ne, Hamisu! Kan dutse na hau neman rezon waya. Kayana na kan hanya daga Maradi."

"Wa ya gan ka?"

"Allah ya gan ni."

"Shi ba a kiransa shaida gaban maigari. Lakile fa, makullin motar?"

"Inda muke ajewa kullum mana, kan tayar gaba."

Wannan tsohuwar ƙa'idarsu ce, don kowa ya iya matsar da motar kowa. Mutanen gari ba su san da ita ba. Ke nan mai laifin yana cikin su huɗu, kuma Hamisu ya san inda shi kansa yake da safe.

Ya danna tayar da babban yatsa, ta lotsa. Ya danna sauran, duk haka. Jiya da yamma da idonsa ya ga an cika su tam, saboda duwatsun fako na yanka taya mai laushi.

"Kai ka sassauta iskar?"

"Ni? Motar da ke da maɓallin rairayi, mi zai sa in durƙusa ina fama da taya kamar ɗan garaji? Ai jiya ma tsiyar da kuka yi mani ke nan."

Gaskiya ne, kuma tsiyar ta kai har magariba. Hamisu ya ci gaba da dubawa. Alhaji mutum ne mai son a gani, har murfin bakin iskar tayoyinsa, ɗan bushon ɗin nan da bai kai ƙwallon dabino ba, jajaye ya saya. Uku na nan a ɗaure. Na tayar baya ta hagu babu.

*

Darakta ne ya fi kama da mai laifi. Jiya ya roƙi Alhaji ya bar shi ya ɗana sabuwar motar, Alhaji ya ce alli ya sani ba bolan ba, suka yi musu har aka raba su. Yau kuma ga ƙarzuwar ƙaya a bayan hannunsa, ga wata ƙayar maƙale a hannun rigarsa.

"Ina ka je bayan sallah, Darakta?"

"Ba inda na je."

"Ƙayar nan har tabarma ta biyo ka?"

Darakta ya waiwaya hagu da dama, ya sauke murya.

"Bon. Furar da suka kawo mana jiya ce. Cikina bai yi na'am da ita ba. Kar ka gaya wa Alhaji, shekara zai yi yana mani dariya."

Hamisu ba ya karɓar magana sai ƙasa ta sa hannu. Ya bi bayan dutse, ya iske sawun Darakta zuwa gindin wata sarƙaƙiya, zuwa da dawowa har sau huɗu, zuwan duk da sassarfa, dawowar a hankali. Mutumin da ke cikin wannan hali ba shi da lokacin sassauta taya huɗu.

*

Abdou yana gindin dutse yana fifita gawayi, butar shayi na tafasa. Hamisu ya saba tafiya ba sauti, har ya tsaya a kansa.

"Darakta, cikin ya lafa?" in ji Abdou.

"Ni ne."

"Au, Sarkin Sawu. Hankalina na kan wuta. Zauna ka sha na biyu."

Ya ɗaga buta sama yadda ya saba, shayin ya sauka rabi a kofi, rabi a kan tire.

"Hannu ya tsufa," in ji shi, yana dariya.

"Ka ji ƙarar mota da safe?"

"Barci na koma."

Hamisu bai ƙara ba. Abdou ba mutumin da ake yi wa tambaya biyu ba ne. Shekara biyu ke nan da ya daina tuƙi, ya ce ciwon baya, ya koma zaman kujerar gefe a tsohuwar katkat ɗin Hamisu. Ban da haka, duk wanda ya san shi ya san a shekara arba'in bisa hanya ko kaza bai taɓa takawa ba. Shi ne ya ɗauko Hamisu daga daji a wata damina, maciji ya sare shi, ya ratsa kori uku cike da ruwa har likita. Irin wannan mutum ba a saka shi a lissafin masu laifi. Hamisu ya shanye shayin ya miƙe, ransa na gaya masa watakila dai Alhaji ne ya yi ƙarya.

*

Wurin da aka kaɗe san jama'a sun tattake shi, ba abin karantawa. Sai ya koma fako ya ɗauko sawun daga tushe. Motar ta gangara a hankali, ta tsaya daidai inda tsakuwa ta ƙare rairayi ya fara. Daga nan sawun ya ƙara faɗi, alamar an rage iska. Kusa da gurbin kowace taya akwai shaidar gwiwa ɗaya a ƙasa. Takalmin kuwa silifan alwala ne na roba, waɗanda kowa a cikinsu ke zurawa.

Ya bi sawun cikin kori, kuma duk da nauyin da ke zuciyarsa sai da ya yaba. Wannan ba tuƙin Alhaji ba ne, mai taka mota kamar yana bin ta bashin gaba. Babu inda taya ta tona, babu inda ta yi shakka. An bi gefen da rairayi ya fi tauri, an kauce wa lumtsin da ke gaban kukar nan, lumtsin da ya haɗiye motar abokinsu marigayi Boubacar har gindi shekara ashirin da suka wuce, suka wuni suna tono suna zaginsa. Mai tuƙin nan da hannu ya san kwarin.

Sai sawun ya miƙe tsakanin gawo da jan dutse, a kan tsohuwar hanya, ya shiga shingen kai tsaye. Hamisu ya duba, ya sake dubawa. Babu jan birki kafin shingen. Babu ko ɗan karkata. Sa guda kwance a gabanka, gari ya waye, ko ɗan koyo zai murɗa bolan.

Ya dawo inda aka tsaya rage iska, ya tsuguna gurbin tayar baya ta hagu. A nan rairayin ya sha shara da yatsu. Wani ya yi ta lalube, ya zagaya da tafin hannu sau da yawa, dama da hagu, har ya gaji ya dafa ƙasa ya tashi. Taƙi ɗaya daga inda yatsun suka tsaya, ga jan bushon nan a fili bisa farin rairayi, yana ƙyalli. Daga taku biyar Hamisu ya hango shi.

Ya daɗe a tsugune. Shayin da ya zuba a tire ya dawo masa, da "Darakta, cikin ya lafa?", da yadda Abdou ya koyi dafa kafaɗarsa in suna tafiya, shi kuma yana ɗauka zumunci ne ya ƙaru da tsufa. Shekara biyu mutumin na zaune a gefensa, shi Sarkin Sawu bai karanta ba. Kunya ta kama shi, tausayi ya biyo baya.

Ya ɗauki bushon ɗin. Tafin hannu ɗaya ya isa ya shafe lalubar nan, kowa ya huta. Alhaji na da baki da sanayya, jandarma ba za su cinye shi ba. Amma zai koma Banifandou da sunan wanda ya kashe san gwauruwa ya gudu, kuma sunan ba nasa ba ne. Hamisu ya janye hannunsa, ya bar rairayin yadda yake.

*

Kafin azahar aka taru a gindin gawo. Maigari na kan kujera, Hadizatu da mata a gefe, baƙi huɗu a tsaye. An riga an feɗe san, ƙudaje na bin inda jinin ya bushe.

"To, Hamisu," in ji Maigari.

"Allah ya ba ka nasara, motar ta Alhaji ce, amma ba shi ya tuƙa ba. An rage iskar taya kafin a shiga kori, shi kuwa girman kai bai bar shi ya koyi wannan ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji, wanda bai taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba.

"Ba Darakta ba ne. Na ga inda ya yi safiyarsa, kuma ba zan faɗa ba."

Wasu suka yi murmushi. Hamisu ya buɗe tafinsa, ya miƙa hannu gaba.

"Mai tuƙin ya yar da wannan, ya nema bai samu ba. Maigari, mi ke hannuna?"

"Wani ɗan jan abu."

"Inna Hadizatu, daga can kin gan shi?"

"Na gani."

Hamisu ya juya.

"Abdou, mi ke hannuna?"

Tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Abdou ya ƙura ido, ya karkata kai kamar mai sauraro.

"Ban gani ba, Hamisu," in ji shi a hankali. "Hannun ma da ƙyar. Fuskarka rabona da ita tun bara."

Darakta ya dafe baki. Abdou ya cire hularsa, ya juya wajen da ya ji muryar Maigari.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ba ciwon baya gare ni ba. Lokotoron asibiti ya ce jijiyar idon ce ta mutu, ba ta dawowa. Haske da inuwa suka rage mani, su ma ya ce ba za su kai baɗi ba. Da na idar da sallah na ji sanyin kwarin nan, na ce bari in ratsa shi sau ɗaya, tun da na san shi kamar ɗakina. Ta Hamisu sai an tura take tashi, shi ya sa na ɗauki ta Alhaji. Ban san an matso da shinge ba."

"Da ka ji ka bugi abu fa?" in ji Maigari.

"Na ji nishinsa, na san sa ne. Ba ramuwa na guda ba. Tambayar da za ta biyo baya na guda: yaya aka yi Abdou bai gani ba?"

Hadizatu ta tashi ta zo har gabansa.

"Sa ana samun wani," in ji ta. "Amma ka bar shi yana nishi tun safe har wajen hantsi. Da ka yi kira, da an yanka shi bai wahala ba. Wannan ne ya yi mani ciwo."

"Gaskiyarki, Inna. Ba ni da ta cewa. Ki yafe mani."

Ta dube shi, ta ga idanun na kallon gefen kafaɗarta, ba fuskarta ba.

"Allah ya yafe mana duka," in ji ta, ta koma wajen mata.

Maigari ya yanke cewa ranar kasuwa Abdou zai aiko da sa mai ƙarfin na da, ba kuma zancen jandarma. Alhaji, ba wanda ya roƙe shi, ya ce kabewar da aka riga aka tsinka motarsa za ta kai bakin hanya yau ɗin nan. Da taro ya watse ya zo ya kama hannun Abdou, yana faɗa hawaye na zubo masa.

"Kai banza ne wallahi. Shekara talatin, ka kasa gaya mana? Da ka tambaye ni lakile ai da na ba ka."

"Da ba ka ba ni ba."

"Da ban ba ka ba," in ji Alhaji, yana share hanci.

*

Ranar Lahadi da hantsi suka kama hanyar gida. Abdou bai yi wa Hamisu magana ba tun jiya, Hamisu kuma bai nema ba. Ƙasa da garin akwai inda kori ya buɗe ya zama fili, rairayi shimfiɗe babu itace babu dabba, iyakar ganinka. Nan Hamisu ya tsayar da tsohuwar katkat ɗinsa, ya bar injin na aiki, ya fito ya zagayo.

"Matsa can," in ji shi.

"Kana hauka?"

"Fili ne, ba ko akuya. Ni ne idonka. In na ce dama ka yi dama."

Abdou ya fito, amma bai shiga ba sai da ya durƙusa ga kowace taya, ya rage iska da tsinke, kunnensa a kusa yana auna hucin. Hamisu ya riƙe masa bushon ɗin. Da ya kama bolan, kafaɗunsa suka miƙe, ya saka giya ba ko ƙara. Suka tafi. Iska ta cika motar, Alhaji da Darakta na bin su a baya suna ta oda, Abdou ya fitar da hannu ɗaya waje yana musu gwalo da yatsu. Ya yi dariyar da Hamisu ya manta yana da ita.

Wannan ce tafiyarsu ta ƙarshe, ko da yake a ranar ba wanda ya sani. Shekarar da ta biyo hanyar ta daina biyuwa, kuma kafin nan ɗan hasken da ya rage wa Abdou ya ɗauke.

Da suka kai ƙarshen filin Abdou ya tsaya.

"Sarkin Sawu, sauka ka duba mani. Yaya sawun?"

Hamisu ya sauka ya waiwaya. Sawun ya taho yana tangaɗi, ya karkata nan ya dawo can, kamar na yaron da aka ba mota yau. Ya tsaya yana kallonsa, mutumin da shekara talatin bai taɓa yi wa sawu ƙarya ba.

"Miƙe yake, Abdou," in ji shi. "Kamar na da."